Ga ƙanina mai son zuwa Ingila karatun filasma

Ƙanina na ga saƙonka. Ka ce wani ejan ya gaya maka akwai kwas na kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan tiyata da filasma, wato gas ɗin da aka sakar wa ƙarfin lantarki, wai sabuwar fasaha ce ana neman ma'aikata ido rufe, kana gamawa asibiti zai yi maka biza, tunda kuma fizik ka karanta shikenan hanya a buɗe take. Toh ni da na'urar nake kwana nake tashi, bari ka ji.

Na farko ba sabuwa ba ce. STERRAD, na'urar filasmar da kake gani a hoto, tun 1993 hukumar FDA ta Amurka mai kula da magunguna da kayan asibiti ta amince da ita. Kuma aikinta yana da kyau, ban raina ta ba. Akwai kayan da in ka saka su a otokilef, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, digiri 134 na minti 3, ka gama da su, irin kyamarar da ake zurawa cikin ciki da batir da wayoyin wuta da wasu kayan roba, su ne ake kaiwa filasma don ita zafinta wajen digiri 50 ne kawai. Na'urar tana zuƙe iskar ciki tas, sai ta fesa haidirojin ferokzayid, shi dai wannan na kemis da ake wanke gyambo, amma namu kusan kashi 59 cikin 100 ne, ɗigo ɗaya ya taɓa fatarka nan take wurin zai yi fari fat yana raɗaɗi. Tururinsa shi ne yake kashe yawancin ƙwayoyin, daga baya a sakar masa ƙarfin lantarki ya koma filasma, ragowar ta farfashe ta zama ruwa da oksijin. Cikin ƙasa da awa ɗaya kaya sun fito ana iya amfani da su, ba kamar gas ɗin etilin okzayid da shi ma ake kashe ƙwayoyin cuta da shi ba, wanda sai an jira sa'o'i masu yawa guba ta fice.

Amma fa tana da tsirfa wallahi. Ba ta son auduga, ba ta son takarda, ba ta son lilin, ba ta son gari ko ruwa, dole sai jakar Tyvek, wata irin leda mai kama da takarda, ko mayafin roba na musamman. Ƙarfe uku na dare ka wanke kaya ka busar ka jera ka danna, can cikin siririn bututu akwai ɗan danshin da ido ba ya gani, sai ka ji ta yi ƙara ta soke aikin gaba ɗaya, haidirojin ferokzayid ɗin da ke cikin kaset ɗin na'urar ya tafi a banza, ka kwance komai ka sake naɗewa daga farko, ga waya daga ɗakin tiyata tana ta ruri wai ina tirensu, wato farantin kayan tiyatarsu.

Abin da ejan ɗinka bai faɗa maka ba shi ne filasma ɗan lungu ce kawai a sashen. Yawancin yini wanki ne. Tire zai sauko da jini ya bushe a haƙoran almakashi, da ɓurɓushin ƙashi a maƙale, wani lokaci har da allurar ɗinki da aka manta a ciki, kai kuma kana cikin atamfar roba da gilashin fuska da safar hannu kana gogewa da buroshi kana ƙirga fosef, ƙarafen kama nama, ɗaya bayan ɗaya. Sashen namu a ƙasan gini yake, ko taga babu, lokacin sanyi ka shiga da duhu ka fito da duhu. Abin da ya fi ci mini rai kuwa raini ne. Wata rana wata ma'aikaciya ta kira tana faɗa a kan ƙarfe ɗaya da ya ɓata, har da cewa mu masu wanke-wanke ba mu iya ƙirga ba, ƙarshe a kwandon sharar ɗakinsu aka tsince shi, ko haƙuri ba ta bayar ba. Da digirina na hadiye wannan. Yau alhamdulillahi ni nake duba aikin masu kwanan dare, tire ba ya fita sai da sa hannuna, amma ba kwas ne ya kai ni nan ba, tsayuwa ce har ƙafa ta kumbura.

Maganar biza kuma, aikin nan yawanci a Band 2 ko 3 ake farawa, wato ƙananan matakai a tsarin albashin NHS, hukumar asibitocin gwamnati ta nan Ingila, kuma a bakin aiki ake koyar da shi, ba wanda zai tambaye ka mastas. Tun Yulin 2025 an ɗaga matakin yawancin ayyukan da ake ba biza ya koma na masu digiri, wanda ke ƙasa da haka hanyarsa ta ƙuntata sosai. Tun Janairun 2024 ma ɗalibin mastas na aji ba ya zuwa da iyali, to amaryarka fa? Ga awa 20 kacal a mako da doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki lokacin karatu, lissafa da kanka ko zai biya haya.

In da gaske abin ya shiga ranka, fizik ɗinka ya fi dacewa da injiniyancin kayan asibiti, masu gyaran na'urar nan in ta tsaya su ake jira kamar ruwan sama. Kafin nan ka je asibitin Malam Aminu Kano ka roƙi a bar ka ka leƙa sashen wanke kayan tiyata ko na sati biyu ne, ka ga ko zuciyarka za ta ɗauki warin.

Kuma don Allah kada Baba ya sayar da filin nan a kan maganar ejan. Turo mini sunan jami'ar da sunan kwas ɗin yadda yake a takarda, zan duba ko tana cikin jerin makarantun da gwamnati ta ba lasisin ɗaukar ɗaliban waje. Ka gaida Hajiya.