Daga Atlanta zuwa Kano: Kar Ka Lissafa Awowin Sama Kawai

Wani ɗan'uwa mazaunin Atlanta a Amurka ya rubuto cewa za a ɗaura auren ƙanwarsa a Kano ranar Asabar, hutun mako biyu kacal ya samu a wurin aiki. Yana tambaya: nisan nawa ne, kuma in ya taso ranar Alhamis da dare zai riski ɗaurin auren?

Malam, Allah Ya sanya alheri. Amma ni dai ba zan ba ka shawarar tasowa Alhamis ba.

Tsakanin Atlanta da Legas kusan kilomita 9,400 ne. Jirgin Delta da ke zuwa kai tsaye yakan yi kimanin awa 11, dawowa kuwa takan kai awa 12 zuwa 13, domin iskar sama mai ƙarfi daga yamma take kaɗawa zuwa gabas. Sai ka ƙara bambancin agogo: Najeriya na gaban Atlanta da awa 5 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watannin kuma awa 6. Wato wanda ya taso daren Alhamis, sai yammacin Juma'a zai taka Legas.

To, Legas ba Kano ba ce, nan ne lissafin mutane da yawa ke rushewa. Za ka bi layin jami'an shige da fice, ka tsaya jiran akwatunanka, kwastan su duba, sannan ka ja kayanka zuwa ɓangaren jiragen cikin gida, wanda ba gini ɗaya suke ba. Tafiyar Kano ba ta wuce awa ɗaya da rabi, amma ɗage tashin jirgin cikin gida ba baƙon abu ba ne, balle lokacin hazon hunturu. In na yamman ya kuɓuce maka, ka kwana Legas, washegari ana shafa fatiha kana zaune kan kujerar jira da babbar rigarka a jaka.

Akwai hanyar Doha ta ƙasar Qatar, wadda za ta sauke ka filin Malam Aminu Kano. Ta fi nisa sosai, da zaman jira sai ka share yini guda cur har da ɗoriya, sai dai tikiti ɗaya ne, kaya ma ba ka sake ɗaukarsu a hanya. Mai tafe da yara ko tsarabar dangi, wannan ta fi masa.

Ba ka faɗi takardar da kake zaune da ita ba. In bizar aiki ce ko ta karatu, buɗe fasfonka yau ka duba ranar ƙarewar hatimin. Izinin zamanka na iya kasancewa daram alhali bizar ta mutu, kuma da zarar ka fita, sai ka samu sabuwa a Abuja ko Legas kafin ka koma. Mako biyu ba lallai ya ishe ka wannan ba. Haka kuma mai fasfon Najeriya da ba shi da bizar Amurka mai rai ko katin zaman dindindin, ana neman bizar wucewa a wurinsa in zai ratsa Landan ko Faris.

In takardunka lafiya lau suke, taso Talata ko Laraba. Dawowa kuma ka bar kwana ɗaya tsakaninka da ranar komawa aiki.