An karanta littafina na aljanu a YouTube ba da izinina ba, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni marubuciyar onlayin ce. Na rubuta labarin yaƙi tsakanin wata sarauniyar aljanu da mayaƙan bil'adama, ina sakinsa kashi-kashi a guruf ɗin WhatsApp na masu biyan kuɗi. Kwatsam sai aka nuna min wata tasha a YouTube ana karanta shi, har an kai kashi na 40. An cire sunana, an kuma ɗora hoton bangon da na biya mai zane ya yi min. Masoya littafin sun ce mu yi wa tashar ca. Ban taɓa yi wa littafin rajista ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kwantar da hankalinki kan maganar rajista. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, littafi yana zama na marubucinsa ne tun ranar da aka rubuta shi, ko a takarda ko a waya. Haƙƙin yana tare da ke tsawon rai, sannan ya ci gaba shekara 70 bayan rasuwa ga magada. Karanta shi ga jama'a, mayar da shi sauti ko fim, fassara shi, ɗora shi a intanet, duk sai da yardarki. Cire sunanki kuwa wani laifin ne daban, don doka ta ba marubuci damar a ambace shi a kan aikinsa.

Abin da doka ba ta ba ki ba shi ne aljanun kansu. Sarauniyar aljanu, takobin tsafi, boka a kogon dutse, kowa na iya gina labari a kansu. Naki shi ne yadda kika tsara, da kalmominki. Tunda karanta rubutunki ake yi baƙi da baƙi, ƙararki tana da ƙarfi.

Kafin ki yi wa mai tashar magana, tara hujja, domin a nan mafi yawan marubuta ke faɗuwa. Da zarar ya ji motsi zai goge bidiyon, ki rasa abin nunawa. Ki kwafi adireshin kowane bidiyo, ki ɗauki hoton fuskar wayarki yadda za a ga sunan tashar, ranar ɗorawa da yawan waɗanda suka kalla. Ki fitar da tarihin hirar guruf ɗin mai nuna ranar da kika saki kowane kashi, ki adana ainihin rubutunki na farko. Kada ki sayar da wayar ko ki goge ta. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar bayani kan na'urar da aka ciro hujja daga cikinta, kuma an fi samun sauƙi idan na'urar tana hannu.

Daga nan sai lauya ya rubuta masa takardar gargaɗi, da wa'adi, misali kwana 7: ya sauke, ko ya zauna a yi yarjejeniya. Kada ki raina sulhu. Idan tashar tana da masu saurare da yawa, lasisi a rubuce mai ɗauke da sunanki, kasonki na kuɗin talla da tsawon lokaci zai iya fi miki amfani a kan saukewa.

Idan ya ƙi, YouTube yana da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka. Mai haƙƙi ko wakilinsa kaɗai ke cika shi. Idan aka amince, za a sauke bidiyon a yi wa tashar gargaɗi, gargaɗi uku cikin kwana 90 kuma suna iya jawo rufe ta. Sai dai ki sani mai tashar zai ga sunan da kika sa da imel ɗinki. Idan da sunan alƙalami kike rubutu, ko ba kya son a san ki, bari lauya ya shigar a madadinki. Kuma yana iya mayar da martani ya ce yana da izini. In ya yi haka, kina da kwana 10 na aiki ki nuna kin kai shi kotu, in ba haka ba bidiyon ya dawo.

Kotun da ke da hurumi ita ce Babbar Kotun Tarayya, ba kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci ba. Za ki iya neman umarnin dakatarwa, diyya, ko lissafin ribar da ya ci. Shari'a tana cin kuɗi da lokaci, don haka a fara auna abin da tashar ta samu. Kina kuma iya kai koke Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, NCC, wadda ke bin ɓangaren laifi. Yi wa littafin rajista a wurinta yanzu ma yana da amfani, don yana sauƙaƙa tabbatar da mallaka a gaban alƙali.

Hoton bango fa, a nan ki yi hattara. Biyan kuɗin zane bai mayar da haƙƙinsa hannunki ba. Doka ta ce miƙa haƙƙi sai a rubuce. Idan babu takarda tsakaninku, zanen na mai zane ne, ke izinin amfani kike da shi. Kada ki rubuta a fom cewa hoton naki ne. Ko dai shi ya shigar da nasa ƙorafin, ko ku rubuta takarda yau: sunan zanen, kuɗin da aka biya, cewa ya miƙa miki haƙƙin, ya sa hannu da kwanan wata.

Masoyanki kuma ki roƙe su su bar zagi. Kiran mutum ɓarawo da sunansa a fili yana iya jawo miki ƙarar ɓata suna, a bar maganar littafi a koma kare kai. Aikin da za su yi miki shi ne neman sauran tashoshi da shafukan da aka ɗora littafin, su turo miki adireshi da hoton kowanne, ki haɗa a fayil ɗaya ki kai wa lauya.