Amsa ga Kawu kan karatun bashi da auta ke son yi

(Muryar da Yaya ta aje a gurup na dangi daren jiya. Na rubuta ta saboda masu ƙarancin mega.)

Assalamu alaikum. Kawu ina wuni, ya gida, ya kasuwa, ya su Inna? Mutanen gurup duka ina gaishe ku. Ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo, sai yanzu na kwantar da yara na samu natsuwa.

Kawu, na saurari muryarka har sau biyu. Ka ce auta ta samu bak, Allah ya sa albarka, ta zo ta ce maka lisans take so ta yi kan harkar bashi. Ka ce kai shekara 30 kana ba da bashi a shago ba ka taɓa zama ajin kowa ba, yanzu a ce shekara ukku za a kwashe ana koya wa yarinya bin mutane bashi? Ka kuma ce riba kake tsoro. To ni da na yi shekara tara ina wanga aiki a kes ta ƙananan rance, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Kawu, bin bashi wutsiyar karatun ce. Kan karatun shi ne sanin wa za a ba, nawa za a ba shi, da wane lokaci kuɗɗi ke shiga hannunsa. Tun ranar gini ranar zane. Bashin da ya lalace, in ka bi sawunsa, sau da yawa ranar da aka sa hannu ya lalace, ba ranar da mutum ya ƙi ɗaukar waya ba. Kai ka san haka, shi ya sa akwai wanda kake ba buhu goma na shinkafa ko takarda babu, akwai wanda ko tiya ɗaya sai ya aje kuɗɗi. Amma kai da kuɗɗinka kake yi, kuma mutanen da ka sani tun kakanni kake ba. Ita kuɗɗin ajiyar mutane za a damƙa mata, ta ba wanda ba ta taɓa gani ba, sannan ta tsaya gaban kwamiti ta kare dalilinta. Wannan ko sai da karatu. Manyanmu suna tune da bankin raya ƙasa na Nijar, BDRN, wanda basussukan da ba su dawo ba suka durƙusar, har aka rufe shi a 1990.

Tsarin karatun, samestir shidda ne cikin shekara ukku, kowane da kiredi 30, duka 180. Kar ka ji kiredi ka ɗauka bashi ne, ma'aunin darussa ne kawai. Shekarar farko ba ta ma jin ɗuriyar bashi sosai. Kontabilite ce bisa SYSCOHADA, tsarin riƙe asusun kamfanoni na ƙasashenmu, wanda aka sabunta ya fara aiki a 2018, sai tattalin arziki, lissafi, ƙididdiga, mafarin sanin doka da aikin kwamfuta. Nan yara da yawa ke zubewa, don sun shigo da tunanin ofis mai sanyi sai suka tarar da lissafi. Auta dai ba na jin ta, tun tana ƙarama ita ke riƙe wa Inna kuɗɗin adashe.

A shekara ta biyu abin ke fara daɗi. Akwai darasin lissafin kuɗɗi, bari in ba ka misali guda, don ya shafi kowa a gurup ɗin nan. Mutum ya ranci jikka 100, aka ce kashi 2 cikin ɗari a wata, wata 12. In kowane wata kan jikka ɗarin nan ake lissafawa, jikka 24 zai ɗora. In ko kan abin da ya rage ake lissafawa, yana biya uwar kuɗɗin tana raguwa daidai wa daida, jikka 13 ne. Baki ɗaya ne ya ce kashi biyu, amma jikka 11 ke tsakani. Mata nawa ne a unguwa suka dangwala yatsa ba su san wanne aka yi musu ba? A 2014 sabuwar iyaka ta fara aiki a ƙasashe takwas na UEMOA, ƙungiyar ƙasashenmu masu kashe sefa, banki kar ya wuce kashi 15 a shekara, kes-kes na ƙananan rance kar su wuce 24, kuma da kuɗɗin dosiye da sauran ƴan caje-caje ake haɗawa a auna. Wanda ya yi karatun kallo ɗaya zai yi wa takarda ya san an tsallake iyaka ko ba a tsallake ba. A shekarar ne kuma ake koyon karanta asusun kamfani, a gane mai ciniki da yawa amma aljihu wayam, don duk kayansa suna hannun mutane.

Shekara ta ukku ita ce ta bashi tsantsa. Auna haɗari, haɗa dosiye, dokokin BCEAO, babban bankin yankinmu, da jingina bisa dokar kasuwanci ta OHADA da ƙasashe 17 ke aiki da ita. Nan za ta san bambancin jinginar gida da ta kayan shago da mutum ya tsaya wa mutum. Za ta san takardar mallakar fili daban, takardar shaidar gona da ake karɓa wurin kwamitin filaye daban, ba nauyinsu ɗaya ba gaban alƙali. Za ta san matakan karɓo bashi, daga tuni da lallami, zuwa wasiƙa, zuwa umarnin biya daga kotu, kafin a kai ga wisiye, mai zartar da hukuncin kotu. Akwai kuma ofishin tattara bayanan masu cin bashi da ya fara aiki a yankinmu a 2016, inda ake duba ko mutum yana da wani bashin wani wuri. A wurin aiki kuma kwana ake ƙirgawa, bashin da ya yi lattin kwana 30 da wanda ya wuce kwana 90, kowane da layinsa a rahoto. Daga nan sai sitaj, wato koyon aiki, da rubuta mamwar, kundin kammala karatu.

To Kawu, duk wannan na karanta shi, na ci jarrabawa, amma ga abin da ya same ni a shekarata ta farko. Wata baiwar Allah daga wajen Tibiri ta zo neman rancen kiwo. Jikka 75 take so ta sayi rago ta turke shi har Layya. Dosiyenta tsaf, ga shaidu, ga mai tsaya mata. Na ɗauko jadawalin da aka koya mana, biya wata-wata, wata shidda. Ban tambaye ta da mi za ta biya kafin a sai da ragon ba. Wata na farko ta biya da kuɗɗin ƙuli-ƙuli. Na biyu ta sai da tabarmi da kwanonin jerenta. Na ukku na hau babur na iske ta gida. Har yau ina ganin turken nan, igiya a ƙasa, ga sauran harawa da dusa cikin kwarya, babu rago. Ta kai shi kasuwa tun bai yi nama ba don kar a ce ta yi latti. Ta kawo mini ruwa a moɗa, ta kwance bakin zane ta ƙirgo mini kuɗɗin cif, ko ƙorafi ba ta yi ba. A rahoton ofis bashin nan lafiya lau ya dawo. Ni ko na san na karya mata jari. Da na sa mata biya ɗaya bayan Salla, da ta biya ta kuma sayi ɗan tunkiya na gaba. Wallahi daren nan ban yi barci ba.

Shi ya sa nake cewa manhajar tana da kyau amma akwai giɓi. Yawancin misalan littattafan na kamfani ne mai kontabul da takardu. Mu ko nan Maraɗi, auta, wanda zai zo gabanki mai sai da aya ne, ko mai tuyar mai, ko ɗan kasuwar da lissafinsa ke kansa da ɗan littafi a aljihun riga. Ke za ki zauna a rumfarsa ki ƙirga buhu, ki tambayi kuɗɗin mota da na dako da abin da ake kai wa gida cefane, ki haɗa masa asusun da kanki. Sannan ga naira. Mutum ya ci bashi da sefa, kayansa kuma Jibiya ko Katsina ko Kano yake kai su a biya shi da naira. Da naira ta faɗi a 2023, wanda bai canza da wuri ba ribarsa a hanya ta narke. Ga rufe iyaka, ta 2019 da ta bayan Yulin 2023, motoci jere a Ɗan Isa kaya na lalacewa. Mutumin kirki ne, bai ci amanar kowa ba, amma ya kasa biya. Malamin da bai taɓa fita daji ba ba zai koya mata raba wanda ya kasa da wanda ya ƙi ba.

Kuma abin da ke ba ni takaici, mu ne ke da abin koyarwa. Mata Masu Dubara nan jihar Maraɗi aka fara ta a 1991 tare da ƙungiyar CARE, mata su zuba sati-sati a akwati su ranta wa junansu, yau ƙasashe da yawa sun kwaikwaya. Ga warantaj, manoma su zuba gero ko wake a magaza da kaka lokacin da farashi ya faɗi, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurinsu ɗaya wurin mai ba da rance, su karɓi kuɗɗi su yi sana'ar rani, su biya su fid da kayansu lokacin da ya yi daraja. In auta ta kai mamwar, ina roƙonta ta rubuta kan irin waɗannan, kar ta kwaso na wata ƙasa a intanet.

Maganar riba, Kawu, gaskiyarka, kuma ban raina ta ba, ni ma ta daɗe tana cin raina. Ni ba malama ba ce, fatawa ta malamai ce, ku zauna da malamin da kuka yarda da shi. Abin da zan ce, ilimin bai tsaya ga rance mai ruwa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan bashi take, a rubuta, a sa lokaci, a kafa shaidu. Ta 280 ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jan rai na mawadaci wajen biya zalunci ne. A 2018 BCEAO ta fid da ƙa'idojin hada-hadar kuɗɗi ta Musulunci, ga bankin Musulunci a ƙasar nan, ga jami'ar Musulunci ta Say. A murabaha banki ne zai sayi kaya ya sayar maka da riba sananniya ka biya sannu a hankali, to nan ma sai an auna ko za ka iya biya. Ko babban ɗan kasuwar da ke raba taki ko siminti bashi ga ƴan sari yana buƙatar mai riƙe masa wanga lissafi. Ƙofar a buɗe take ta zaɓi inda ranta ya natsu.

Batun inda za ta yi, ba lalle ku ga an rubuta sunan bashi a ƙofa ba, galibi yana cikin banki da kuɗɗi, ko kuɗɗi da kontabilite, ko ƙananan rance. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana da tsangayar tattalin arziki da gudanarwa, ta Tawa tana da ta doka da tattalin arziki da gudanarwa, ga kuma makarantu masu zaman kansu. In na kuɗɗi ne, kar ƙyallin gini ya ruɗe ku. Ku ce a nuna muku takardar izinin gwamnati ta wannan fannin kansa, ku tambaya ko CAMES, hukumar da ke tantance digiri a ƙasashenmu, ta amince da digirin. Ku karɓi jerin darussan samestir shidda ku turo mini hoto. Ku tambaya wata nawa ne sitaj, kuma su ke nema wa ɗalibi ko shi zai yi ta yawo da takarda. Ku tambaya cikin malaman akwai wanda ya taɓa zama kwamitin ba da rance. In suka fara kame-kame kan sitaj, ku tashi.

Auta, ke kuma ki ji da kyau. Aikin nan akwai rana, akwai ƙura, akwai hawa babur zuwa ƙauye, akwai ranar da ƙawar Inna za ta zo da dosiye ki ce mata a'a. Akwai wanda zai turo miki turmin atamfa gida kafin kwamiti ya zauna, ranar da kika karɓa kin zama baiwarsa. In kin ji za ki iya, bismilla, ina bayanki.

Kawu, alfarma ɗaya nake nema. Kafin a koma karatu, ka bar ta ta zauna shago tare da kai wata biyu. Ka buɗe mata littafin nan mai baƙin bango da ke cikin akwatin ƙarfe, ka bi da ita suna-suna, wane ya biya, wane ya yi latti, wane ka yafe wa, da dalilin da ya sa ka ba kowannensu tun farko. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo bayan la'asar da tsofaffin kayena na shekara ta biyu, mu zauna mu ukku. A gaida Inna, a ce mata ban manta da saƙon daddawarta ba. Sai da safe.