Lasin tuƙin babbar mota a Amurka: na jiha ne ko na tarayya?

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce tunda ofishin jihar Texas ne zai ba ka lasin babbar mota, wanda ake kira CDL, me ya sa malaminku ba ya rabuwa da maganar dokar tarayya? Ka kuma ce wani ya gaya maka in an ƙwace lasin mutum a wata jiha, sai ya ƙaura wata ya yanki sabo.

Ta biyun zan fara amsawa, don ita ce ke iya raba ka da sana'ar nan. A da an yi haka. Direba ɗaya sai ya tara lasin jihohi da dama, ya rarraba laifuffukansa a kansu, in wannan ya ɓaci ya zaro wancan. Wasu jihohin ma da lasin ƙaramar mota mutum ke hawa tirela. Shi ya sa majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a 1986, kuma daga 1 ga Afrilu 1992 tilas direban babbar mota ya riƙe CDL, guda ɗaya tak. Yanzu akwai rumbun bayanai da ya haɗa jihohi duka. Kafin a ba ka kati sai an duba sunanka a ciki, abin da ka yi a Ohio yana gaban ma'aikacin Texas. In ka sauya jihar zama, kwana 30 gare ka ka mayar da lasin can, tarihinka kuma yana biye da shi.

Rabon aikin kuwa haka yake. Hukumar tarayya mai suna FMCSA ke gindaya mafi ƙarancin sharaɗi, jiha ke yin jarrabawa, ta karɓi kuɗinta, ta buga kati. Jiha na iya ƙara tsanani, amma ba ta isa ta sassauta ba, in ta yi wasa tarayya ta riƙe mata wani kaso na kuɗin titi. Dokar tarayya ce ta ce tirelar da nauyinta da kaya ya kai fam 26,001, kusan tan 12, tana jan bodi mai sama da fam 10,000, sai mai lasin rukunin A. Ita ta ce ka riƙe takardar koyo aƙalla kwana 14 kafin gwajin tuƙi, kuma tun Fabrairun 2022 sai ka bi ta makarantar da ke cikin rajistarta. Duba sunan makarantarku da idonka, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a allo.

Inda yara suka fi faɗawa rami shi ne maganar shekaru. Mai shekara 18 zai iya samun lasin, amma iyakarsa cikin jiha, ƙetare iyaka sai 21. To, ba tayar motarka kaɗai ake dubawa ba, har da asalin kayan. Kwantenar da jirgin ruwa ya sauke a Houston, ka ɗauke ta zuwa Dallas, ba ka fita Texas ba ko taku ɗaya, amma kayan daga waje suka zo, don haka dokar tarayya ta hau kanka, sai ka kai 21. Ka tambayi mai ba ka lodi daga ina kayan suka taso.

Sannan ka sani, ranar da katin nan ya shiga aljihunka, ƙaramar motarka ta gida ma ta shiga lissafi. A kama mai CDL da maye, ko da a motar kansa ce ranar hutu, shekara ɗaya ba shi ba babbar mota, in ya sake kuma har abada. Na san ba ka sha, Allah Ya ƙara tsarewa. Abin da nake jiye maka shi ne gudu da bin mota kurkusa: manyan laifuffuka biyu irin waɗannan a babbar mota cikin shekara uku, zaman gida na kwana 60 ne. Kuma an hana jiha ɓoye laifin mai CDL, ko da alƙali ya so ya tausaya.

Ranar gwaji, ka nemi mota mai giyar hannu da birkin iska. In ka yi da mai canja giya da kanta, za a buga maka harafin E a kati, ba ka da ikon tuƙa mai kulocin ƙafa sai ka sake gwaji. Mafi yawan motocin manyan kamfanoni yanzu masu canja giya da kansu ne, amma ƙananan masu motoci har gobe suna da tsofaffi, ban so a rufe maka ƙofarsu tun ba ka fara ba. Duba mota kafin tashi kuma ka haddace shi da baki: ka danna birki kana saki, idonka a kan allurar iska, ka faɗa wa mai jarrabawa lokacin da ƙararrawa ta yi kuka da lokacin da maɓallin rawaya ya fito. Takardar likita mai shaida kana da lafiyar tuƙi ba ta wuce shekara biyu, wani lokaci ƙasa da haka in kana da hawan jini. Rubuta ranar ƙarewarta a wayarka yau ɗin nan, don in ta mutu jiha za ta sauke lasinka zuwa na ƙaramar mota.

Allah Ya ba da sa'a, ka gaida gida.