Gem ɗin cusa yatsa a hanci: shirme ne ko da manufa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 13 ya liƙe wa wani gem mai suna WarioWare a wayar yayansa. Da na leƙa, sai na ga ƙaton hanci ana ta ƙoƙarin cusa masa yatsa, kafin ƙiftawar ido an koma wani abin. Wannan ba shirme ba ne kuwa? Daga wata uwa a Tudun Wadan Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Shirme ne kam, amma da gangan aka yi shi.

Ki tuna tashe. Azumi ya kai goma, yara sun shigo tsakar gida, ɗaya ya manna gemun auduga yana dogara sanda, sun yi wasansu na minti biyu, kun yi dariya, kun ba su hatsi ko 'yan canji, sun wuce, wani rukunin ya sallama. Kowa ya san ana zolayar wani hali ne na manya. To, haka wannan gem yake.

Kamfanin Nintendo na Japan ne ya fitar da shi a 2003, a kan 'yar na'urar hannu Game Boy Advance. A cikinsa akwai ƙananan wasanni fiye da 200, galibinsu ba su wuce daƙiƙa biyar ba. Kalma ɗaya ko biyu ake jefo maka, "tsallake" ko "kama", sauran kai za ka gane da kanka. Ka kuskure sau huɗu, an kore ka. Kana ci, gudun yana ƙaruwa.

Zolayar tana cikin labarin. Wario, tauraron gem ɗin, wanda ya fara bayyana a 1992, kishiyar Mario ne, fitaccen jarumin wasannin Nintendo: sunansa ma an haɗa Mario ne da kalmar Japananci "warui", wato mugu. Mutum ne mai haɗama da son banza. Ya ga a talabijin wani gem ya yi kasuwa, sai ya buɗe kamfani, ya tara abokansa suka yi masa aikin, daga ƙarshe ya nemi arcewa da kuɗin. Wato Nintendo na yi wa masu sana'arsu dariya, masu haɗa gem a gurguje don a wawushe aljihun yara. Har tsofaffin wasanninsu na Mario da Zelda ba su tsira ba, an yanko su gutsi-gutsi an zuba a ciki. Ni dai wannan ɓangaren ya fi burge ni, ba kowane ɗan kasuwa ke iya yi wa kansa ba'a ba.

Hancin nan da ya ɗaga miki hankali, kusan iyakar rashin kyan abin ke nan, barkwanci irin na yara.

Inda za ki sa ido wajen lokaci ne. Da yake kowane zagaye gajere ne, "bari in ƙara ɗaya" na iya kai yaro daga La'asar zuwa kiran Magariba. Sannan Nintendo ba su yi WarioWare don wayar Android ba. Idan a waya yake bugawa, ta wata manhaja ce mai kwaikwayon Game Boy, kuma shafukan da ake saukar da irin waɗannan sukan zo da tallace-tallacen da ba su dace da yaro ba. Ki sa yayansa ya nuna miki inda ya samo shi.