Tambayi Likita: Me ya sa ake ce in riƙa hoton ciki duk mako biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Cikina yana mako 17, kuma hoton da aka yi ya nuna tagwaye ne masu mabiyiya ɗaya. An ce in riƙa komawa hoto duk bayan mako biyu. Maigida yana ganin yawan ya yi yawa tunda lafiyata ƙalau, ga kuma kuɗi. Dole ne?
Daga wata mai karatu, Ƙofar Marusa, Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raba lafiya. Dole ne, kuma ina roƙon ki karanta wa maigida wannan amsar.

Idan tagwaye suka haɗa mabiyiya, jijiyoyin jininsu ma a haɗe suke a cikinta. Yawanci jinin yana kaiwa da komowa daidai. Amma a kusan ciki 10 zuwa 15 cikin 100 na irin naki, jinin yakan rinjaya gefe guda, ɗaya yana bayarwa, ɗaya yana karɓa. An fi ganin haka tsakanin mako 16 da 26, wato daidai lokacin da kike ciki yanzu.

Mai bayarwa jininsa yana raguwa, fitsarinsa ya ƙaranta, ruwan fayarsa ya janye har jaririn ya manne a gefen mahaifa. Mai karɓa kuwa, wanda mutane za su ɗauka shi ne mai sa'a, jini yana yi masa yawa, zuciyarsa ta wahala, ruwan fayarsa ya cika fal. Duka biyun suna cikin haɗari.

Abin da ya fi damuna shi ne uwa ba ta jin komai da farko. Hoto ne kaɗai ke nunawa. Mai hoton zai auna zurfin ruwan kowannensu: ƙasa da santimita 2 a ɗaya, sama da 8 a ɗayan, alama ce. Zai duba ko ana ganin mafitsarar kowa, sannan ya auna gudun jini a cibiya da na'urar Dofla. Wata guda ba tare da hoto ba ya isa abin ya yi nisa.

Idan an gano da wuri, akwai abin yi. Ana zuƙe ruwan da ya yi yawa, ko a toshe jijiyoyin da suka haɗa su da hasken leza, aikin ƙwararru da ba kowane asibiti ke yi ba. Shi ya sa na fi so ki yi awonki inda akwai likitan mata, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Turai 'Yar'aduwa a nan Katsina.

Kada ki jira ranar awo idan cikin ya yi girma farat ɗaya cikin 'yan kwanaki, ya yi tauri, numfashi ya fara yi miki wuya, ko kika ji ciwon mara kamar naƙuda. Ki tafi asibiti a ranar, ki riƙe takardun hotunan baya duka domin a kwatanta.