Tambaya da Amsa: Wace wagon ta hannu zan saya wa iyalina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, ina da mata da yara uku, babban shekararsa 9, autar ba ta cika 2 ba. Ƙaramar motar da nake hawa ta yi mana kaɗan, duk tafiya sai an ɗora jaka a cinya. Na tara abin da zai saya mini wagon ta hannu, an kuma nuna mini guda uku: Toyota Avensis ta 2006 mai injin fetur 1.8 da giyar hannu, Volvo V70 ta 2004 mai otomatik, da Volkswagen Passat ta 2011 mai shan dizal, wadda ta fi su kyau a ido, mai ita kuma ya yi rangwame sosai. Yawancin zirga-zirgata daga gida zuwa makaranta ce, kilomita 6, sai doguwar tafiya lokacin hutu, wani sa'in tare da mahaifiyata. Wacce ce ba za ta bar ni a hanya ba?

Uban yara uku

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya zuri'a, ya ƙara wa Mama lafiya.

Kafin mu buɗe bonet, mu ƙirga kawuna. Kai da uwargida da yara uku, biyar ke nan. Ranar da Mama ta shigo kun zama shida, motocin nan uku kuwa kowacce kujera biyar gare ta da bel biyar. Tsawon bayan wagon na kaya ne. Na sha ganin an shimfiɗa bargo a but an zaunar da yara biyu suna ɗaga wa na baya hannu, kuma duk lokacin da na gani sai gabana ya faɗi, domin nan ne wurin da aka ƙera ya lotse idan an daki mota ta baya. Akwai V70 da suka fito da ƙananan kujeru biyu na yara a but, masu fuskantar baya, da bel ɗinsu, amma ba kowacce ba, sai ka ɗaga shimfiɗar ka gani. Idan tafiya da Mama sau ɗaya ce ko biyu a shekara, a san yadda za a yi a ranar. Idan kuwa kowane wata ce, to mota mai kujera bakwai ya kamata ka nema tun yanzu.

Passat ɗin nan ka cire ta daga lissafi, duk da ba muguwar mota ba ce. Injin dizal na shekarunta yana da matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda ake kira DPF. Tana tara baƙin toka, sai motar ta yi doguwar tafiya salansa ta ɗau zafi sosai sannan ta ƙone shi. Kilomita 6 safe da yamma ba za su kai ta wannan zafin ba. Matatar za ta riƙa toshewa, fitila ta kama a dashbod, ƙarfin motar ya ragu, dizal ma ya fara gangarawa cikin baƙin mai. Mota ce ta mai cin dogon zango kullum. Rangwamen da aka yi maka kuma, ka tuna araha ba ta ado.

Saura biyu. Volvo tana da kujerun da ba sa gajiyar da baya, jikinta da ƙwari, kuma kamfanin ne ya fito da bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu a 1959, wanda duk duniya ke amfani da shi yau. Ina son ta. Sai dai injinta mai silinda biyar da taimin bel na roba yake aiki, idan ya tsinke ana cikin tafiya fistin zai daki bawul, gyaran da zai biyo baya kuma babba ne. Duk V70 ɗin da mai ita ya kasa nuna maka takardar ranar da aka canja bel ɗin, ka ɗauka ba a canja ba, ka sa kuɗin a lissafinka. Giyarta ta otomatik ma tana buƙatar a tuƙa ta minti ashirin ko fiye, har ta yi zafi, saboda a lokacin ne mai matsala take fara fizga ko jinkirin shiga.

Avensis 1.8 sarƙa take da ita a madadin bel, babu turbo, giyar hannu ce, kuma da wuya ka je garejin da ba a san injin nan ba, tun da shi ne a cikin Corolla masu yawa na wancan zamani. Ta samu tauraro biyar a gwajin haɗari na Turai, wato Euro NCAP, a 2003. Aibinta sananne ne: injinan farko na wannan samfurin suna shan baƙin mai saboda zoben fistin, kamfanin ya gyara ƙirar a tsakiyar shekarun 2000, amma duk da haka a duba. Da ni ne, wajenta zan fara zuwa, domin motar iyali ita ce wadda bakaniken da ke kusa da kai ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ba sai an jira wata guda ba.

To amma Malam, mota mai shekara kusan ashirin ta fi kama da mai ita fiye da kamfanin da ya ƙera ta. Volvo da aka riƙe da amana ta fi Toyota da aka wahalar nesa ba kusa ba. Wagon kuma tana da wani hali: mutane da yawa suna sayenta ne don aiki, su loda mata abin da ya fi ƙarfinta shekara da shekaru, sannan a wanke a goge a kawo kasuwa. Don haka ni wagon daga baya nake fara duba ta.

Na koyi wannan ne da tsada. Shekarun baya na sayi wata wagon fara, fenti yana sheƙi, inji kamar agogo. Wata biyu da saye na ga tayoyin baya suna cinyewa ta ciki, an yi alaimen sau biyu bai zauna ba. Ranar da taya ta fashe na ɗaga shimfiɗar but zan ɗauko safaya, sai na tarar da ruwa ya kwanta a ramin, jak ya yi jawur da tsatsa. Na sa tocila na duba gefe, ga ƙarfe a yamutse kamar takardar da aka dunƙule aka sake miƙewa, ga layin walda an shafe shi da baƙin fenti. An taɓa dukanta ta baya, dukan da ya karkatar da shasi. A kujerar da ke daf da wannan waldar 'ya'yana suka yi wata biyu suna zama. Ban sake ɗaukarsu a cikinta ba.

Saboda haka ka buɗe but, ka fitar da safaya gaba ɗaya, ka shafa ramin da hannunka. Ka tsaya nesa kaɗan ka dubi motar a fili mai daidai: idan bayanta ya zauna alhali babu kaya, sifirin da shokozoba sun gaji. Ka danna kusurwar baya da ƙarfi ka saki, ta taso ta tsaya cak, kada ta yi ta lilo. Ka leƙa ƙarƙashin bamba ko akwai ƙugiyar jan tirela ko ramukan da aka cire ta, domin motar da ta yi ja kulocinta da giyarta sun sha wuya. Ƙofar but ta tsaya a sama da kanta, kada ta faɗo a kan yaro. Tazarar da ke tsakanin ƙofofi da jiki ta zama iri ɗaya dama da hagu.

Inji kuma ka same shi a sanyaye. Ka ce wa mai motar kada ya tayar kafin ka iso, in ka zo ka ɗora tafin hannu a kan bonet. Tashin farko shi ke faɗin gaskiya: ƙarar sarƙa, shuɗin hayaƙi na mai ƙona baƙin mai, ko farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa. Ka kwance murfin baƙin mai, idan ka ga wani abu fari-fari mai kauri a ƙarƙashinsa, a binciki gasket. Idan ka murɗa makulli, fitilun inji da birkin ABS da jakar iska su kama duka sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila cire ƙwan aka yi. Ka je da bakanikenka, wanda kai za ka biya, da na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, za ta nuna har in an goge laifuffukan kwanan nan.

Mita kada ka ba ta gaskiya ita kaɗai. Ka gwada ta da robar feda da sitiyari da gefen kujerar direba. Ka kuma lura ko mil take ƙirgawa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ta zama ɗaya a jikin mota da takardu. Da wannan lambar za ka shiga shafin kamfanin a intanet ka ga ko motar tana cikin waɗanda aka yi wa kiranye saboda jakar iska ta kamfanin Takata, wadda zafi da laima ke lalatawa har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Matsalar ta shafi kamfanoni da yawa, har da Toyota na waɗannan shekarun. A gefen taya akwai lambobi huɗu, misali 2319, wato mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida ka sa canjinta a lissafi ko da zanenta bai cinye ba.

Ranar gwaji ka tafi da uwargida da yaran da kujerar auta. Ka cusa yatsa tsakanin mazauni da majinginar kujerar baya ka nemo ƙarafan ISOFIX da ake maƙala kujerar yara a jikinsu, ka ɗaura kujerar, sannan ka zaunar da manyan biyu ka ga ko hannunsu zai kai ga maɓallin bel. Na tsakiya ma bel ɗinsa ya zama mai ratsa kafaɗa. Kada ka zuba duk abin da ka tara a sayen. Ka rage na baƙin mai da filta da man birki da ruwan lagireto, a canja su a makon farko ko me aka gaya maka. In za ku yi lodi, mai nauyi a ƙasa, a manne da bayan kujera, kada kaya su wuce tsayinta sai da raga, don birki ɗaya mai ƙarfi zai aiko da su kan yara.

TAMBAYA: Maigidana yana son wagon, ni kuma jif nake so saboda hanyarmu ba ta da kyau. Wa ya fi gaskiya?

Uwar biyu

AMSA: 'Yar'uwa, kowannenku da hujjarsa. Wagon ta fi kwanciya a kwana saboda nauyinta yana ƙasa, ta fi sauƙin mai da taya, kuma sau da yawa but ɗinta ya fi na ƙaramar jif tsawo. Amma idan cikin mota yana gugar ƙasa kullum a hanyarku, ke ce da gaskiya. Akwai ta tsakani, Subaru Outback, wagon ce mai tsayin ƙafa da ke ja da tayoyi huɗu. In za ku neme ta, a duba gasket da kyau a tsofaffin masu inji 2.5, an san su da yoyo a nan. Ku kuma sani tayoyinta huɗu dole su zama girma ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya, don haka ranar canji huɗun za ku saya tare.